Seku Ture Na Gini: Akawun Gidan Waya Da Ya Fid Da Ƙasarsa Daga Hannun Faransa

Ran 28 ga watan Satumba 1958 Gwamnatin Faransa ta ɗora wa ƙasashen da ta ke mulki a Afirka tambaya guda: ko su zauna tare da ita cikin wata sabuwar tarayya, ko su fita su ci gashin kansu nan take, ba tallafi ba taimako. Dukansu suka zaɓi zama, sai ƙasa ɗaya tak, watau Gini, wadda mutanenta a lokacin ba su kai miliyan uku ba. Mutumin da ya ja ta zuwa ga wannan shawara shi ne Ahmed Seku Ture. Tarihinsa ya cancanci ma'aikacin hukuma da malamin makaranta su san shi, domin a cikinsa a ke ganin abin da ƙuri'ar neman mulkin kai ta ke iya samo wa ƙasa, da kuma abin da ya fi ƙarfinta.

Asalinsa Da Ƙuruciyarsa

An haife shi a 1922 a garin Farana, a bakin Kogin Kwara, ba nisa da tsaunukan da kogin ya ɓuɓɓugo. Ruwan nan da ke wucewa ta Yawuri da Jabba da Lakwaja, ta gefen garinsu ya fara bi. Mutanensa Malinke ne, Musulmi, manoma marasa wadata. Ta wajen uwa ana danganta shi da Almami Samori Ture, wanda ya yi shekara 16 yana gwabzawa da Faransawa har suka kama shi a 1898, suka kai shi Gabon, ya rasu can a 1900. Wannan dangantaka ta yi masa rana daga baya, don a ƙasar Malinke sunan Samori ba ya faɗuwa ƙasa.

Ya fara da makarantar allo, sa'an nan ta boko. A 1936 aka ɗauke shi makarantar koyon sana'a a Konakiri, babban birnin ƙasar, amma bai daɗe ba aka kore shi saboda ya shugabanci 'yan'uwansa yara wajen ƙorafi kan abincin da a ke ba su. Iyakar karatunsa na aji ke nan. Sauran duk da kansa ya nema, da karance-karance da dare. Ya yi aiki a wani kamfanin Faransawa, a 1941 kuma ya ci jarrabawa ya shiga aikin gidan waya a matsayin akawu.

Daga Ƙungiyar Ma'aikata Zuwa Mulki

A gidan waya ya ga yadda a ke biyan Bature da baƙin mutum albashi daban a kan aiki iri ɗaya. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu, a 1945, sai ya kafa ƙungiyar ma'aikatan gidan waya, ya zama sakatarenta. A 1946 ya halarci taron Bamako inda aka kafa jam'iyyar RDA, wadda ta game ƙasashen Afirka da ke hannun Faransa, shugabanta kuwa Hufwe Bwanyi na Kwaddibuwa. Reshenta na Gini shi ne PDG, mai alamar giwa, kuma a 1952 Seku Ture ya zama babban sakatarensa.

Abin da ya fito da sunansa shi ne yajin aikin 1953. Faransa ta yi doka ta rage lokacin aiki daga awa 48 zuwa awa 40 a mako, ma'aikata kuwa suka ce sai a ƙara kuɗin awa yadda albashinsu ba zai ragu ba. Suka ajiye aiki fiye da wata biyu. Matan kasuwa suka riƙa ciyad da masu yajin, mutanen ƙauye suna aiko da abinci, har daga bisani aka ba da ƙarin da a ke nema. Daga nan ya gane cewa ƙarfin siyasa yana wurin talakawa da mata da leburori, ya shiga kafa rassan jam'iyya unguwa unguwa, ƙauye ƙauye.

A 1954 ya tsaya zaɓen wakilcin Gini a Majalisar Faransa, aka ce Bari Jawadu ya ka da shi, magoya bayansa kuwa suka ce an yi maguɗi. A 1956 ya ci wannan kujera, ya kuma zama magajin garin Konakiri. A zaɓen Majalisar Dokokin Gini na watan Maris 1957 PDG ta kwashe fiye da kujera 55 daga cikin 60, shi kuwa ya zama mataimakin shugaban majalisar zartarwa, watau ba wanda ke gaba da shi sai Gwamna Bature.

Akwai abu ɗaya da gwamnatinsa ta yi a wannan lokaci wanda ya kamata mai karatu ya riƙe. Faransawa suna mulkin ƙauyuka ta hannun sarakunan kanto, kamar a ce hakimai, waɗanda su ke naɗawa su tuɓe yadda suka ga dama. Su ke tara haraji, su ne kuma dā su ke kamo mutanen aikin tilas, saboda haka talakawa da yawa ba sa ga maciji da su. Ƙiyayyar ta ƙaru a 1955 sa'ad da wani sarkin kanto ya sari wata 'yar jam'iyya mai ciki, Mbaliya Kamara, ta mutu. Ran 31 ga Disamba 1957 gwamnatin Seku Ture ta soke wannan sarauta gaba ɗaya, ta ɗora ma'aikatan hukuma da majalisun da aka zaɓa a gurbinta. A lokacin mutane kaɗan suka hango inda wannan zai kai.

Tambayar Da Janar Digol Ya Kawo

A watan Yuni 1958 Janar Digol ya koma kan mulkin Faransa, ya tsara sabon tsarin mulki. A ƙarƙashinsa, ƙasar da ta ce I za ta riƙe sha'anin cikin gidanta, amma harkokin waje, da soja, da sha'anin kuɗi, da ilmi mai zurfi su zauna a hannun tarayya, shugaban tarayyar kuwa shi ne shugaban Faransa. Wadda ta ce A'a ta fita, kuma kada ta sa ran ko anini.

Da fari Seku Ture bai nemi rabuwa ba. Abu biyu ya roƙa. Na ɗaya, a rubuta cikin tsarin cewa kowace ƙasa tana da ikon karɓar mulkin kanta, sa'an nan ta shiga ƙawance da Faransa kafaɗa da kafaɗa. Na biyu, kada a wargaza ƙasashe takwas na Afirka ta Yamma da a ke mulki daga Dakar, a bar musu gwamnati ɗaya ta tsakiya, don kowace ita kaɗai ba ta da ƙarfin da za ta yi ciniki da Faransa. Hufwe Bwanyi ya ƙi na biyun, don ba ya son arzikin Kwaddibuwa ya tafi wajen ɗaukar nauyin maƙwabta. Faransa ta bi bayansa.

Ran 25 ga Agusta 1958 Digol ya sauka Konakiri. A zauren majalisa, a gaban jama'a, Seku Ture ya yi jawabi mai zafi, ya nuna cewa mutanensa sun fi son talauci da 'yanci bisa ga wadata cikin bauta. Janar ya ji zafin maganar ƙwarai. Ya amsa cewa ƙofa a buɗe ta ke, Gini na iya fita ranar ƙuri'a, Faransa ba za ta hana ba, amma za ta san abin da za ta yi bayan haka.

To, a nan ne mutanen Gini suka zauna auna al'amari, kuma kowane gefe yana da hujja mai nauyi. Masu ganin a ce I suka duba baitulmali. Kuɗin hanyoyi da asibitoci da makarantu daga Faransa ya ke zuwa. Ayaba da kofi na Gini a kasuwar Faransa a ke sayensu, da farashin da ya fi na duniya. Likitoci da injiniyoyi da malaman sakandare galibinsu Faransawa ne, 'yan ƙasa masu digiri kuwa 'yan kaɗan ne. Ga kuma shirin babbar madatsar ruwa a Kogin Konkure, wadda za ta ba da lantarkin narka ma'adinin alminiyam da ƙasar ta ke da shi jibge. Suka ce wanda bai iya iyo ba ba ya faɗa kogi don fushi da mai jirgi.

Masu ganin a ce A'a suka ce gwamnatin da ba ta da iko da kuɗinta da sojanta da maganarta a waje, suna kawai ta tara. Suka ce ƙarancin masu ilmin nan da a ke tsorata su da shi, ai gadon mulkin shekara sittin ne, kuma wanda bai horad da su a shekara sittin ba, ba dalilin zaton zai yi a goma. Malaman makaranta da ɗalibai da 'yan ƙungiyar ma'aikata su suka fara matsa wa shugabanni lamba. Ran 14 ga Satumba PDG ta tsai da shawara a kan A'a. Abokan hamayyarta ma, Bari Jawadu da Ibrahima Bari, suka ajiye gaba suka bi wannan hanya.

Da aka ƙirga, masu A'a 1,136,324, masu I 56,981. Ran 2 ga Oktoba 1958 aka yi shelar Jamhuriyar Gini, Seku Ture na shugabanta, yana da shekara 36.

Me Ya Sa Nijar Ba Ta Bi Sahu Ba

A ƙasar Nijar ma shugaban gwamnati na lokacin, Jibo Bakari, da jam'iyyarsa Sawaba sun yi kiran a ce A'a. Amma Faransa ta aiko da sabon Gwamna ana saura 'yan makonni, sarakunan da dā su ke tare da Sawaba suka juya mata baya, hukuma ta sa nauyinta duka a gefe guda. Aka fito da sakamako wajen kashi 78 cikin 100 sun ce I. Gwamnatin Jibo Bakari ta faɗi, Diori Hamani ya hau a watan Disamba, a 1959 kuma aka haramta Sawaba. A Gini kuwa Faransa ta nemi hannun da za ta kama ƙauyuka da shi ta rasa, don an riga an soke sarakunan kanto, jam'iyya ta shiga gurbinsu, ga kuma 'yan hamayya sun haɗa baki da gwamnati. Watau ba a ranar ƙuri'a aka ci wannan zaɓe ba, tun wata tara kafin nan aka ci shi.

Fushin Faransa

Washegarin ƙuri'a aka sanad da Gini cewa an yanke taimako, kuma cikin wata biyu ma'aikatan Faransa za su fita. Dubbai suka tafi. Suka kwashe takardun ofisoshi da taswirori, aka tsinke wayoyin tarho, aka tafi da kayan aikin da za su ɗauku. Mai aikin ofis ya san abin da a ke nufi da a wayi gari ba littafin haraji ba fayil. Shirin madatsar Konkure ya kwanta, ba a gina ta ba sai bayan shekara sittin da ɗoriya. Nufin Faransa a fili ya ke: sauran ƙasashe su gani su shiga taitayinsu.

Duk da haka Gini ba ta durƙushe ba. Ƙananan akawuna suka hau kujerun manya, masu ilmi daga wasu ƙasashen Afirka suka zo taimako. A watan Nuwamba 1958 Kwame Nkuruma na Gana ya yi alkawarin rancen fam miliyan 10. Wani matashin alƙali Bafillace daga Futa Jalo, Jallo Telli, ya tafi Amurka ya yi ta kai da kawowa har aka karɓi Gini cikin Majalisar Ɗinkin Duniya ran 12 ga Disamba 1958. Rasha da ƙawayenta suka kawo bashi da kaya. Ran 1 ga Maris 1960 Gini ta buga kuɗinta, ma'aikatan asirin Faransa kuwa suka riƙa shigo da na jabu don su karya darajarsa, abin da wasu manyansu suka amsa da bakinsu daga baya.

Sai ga wani abin mamaki. Kafin 1960 ta ƙare, galibin ƙasashen nan da suka ce I sun karɓi mulkin kansu, Nijar ran 3 ga Agusta, kuma Faransa ba ta yanke musu taimako ba. Tun daga nan a ke gardama. Wasu na cewa da Gini ta yi haƙurin shekara biyu da ta sami abin da ta nema ba tare da ta ji jiki ba. Wasu na cewa ba don Gini ta ɓalle aka ga ba ta mutu ba, har shugabanta yana zama da manyan duniya, da sauran ba su matsa ba, da Faransa ba ta saki da wuri haka ba. In an duba, maganar biyun duk akwai gaskiya: Gini ta biya kuɗin, maƙwabta suka ci moriyar.

Abin Da Aka Yi Da 'Yancin

Ba za a hana shi abin da ya yi ba. An buɗe makarantu da yawa, daga 1968 kuma aka riƙa koya wa yara karatu da harsunan ƙasar. Mata suka sami muƙamai. Ya ba masu yaƙin ƙwatar ƙasar Gini Bisau daga hannun Fotugal masauki, da aka tuɓe Nkuruma a 1966 kuma ya karɓe shi a Konakiri ya girmama shi.

Amma maƙarƙashiyar da aka yi masa daga waje ta zama masa hujjar rufe bakin kowa a gida. Jam'iyya ta zama ɗaya tak. A watan Nuwamba 1961 ƙungiyar malaman makaranta ta rubuta takardar kuka a kan albashi da halin aiki, sai aka ce makirci ne, aka ɗaure shugabanninta daga shekara 5 zuwa 10, ɗaliban da suka fito goyon bayansu kuma aka rufe musu makarantu. Ga shi kuwa malaman nan su ne suka fara kiran A'a, mai ɗaure su kuma da yajin aiki ya yi suna. A 1964 aka ƙuntata wa 'yan kasuwa, hukuma ta kama saye da sayarwa, kaya suka ɓace daga kantuna, manoma suka koma fasa-ƙwauri zuwa maƙwabta. A 1965 aka yanke hulɗa da Faransa, ba a mai da ita ba sai 1975.

Ran 22 ga Nuwamba 1970 jiragen ruwan Fotugal suka kawo hari Konakiri da dare, tare da wasu 'yan Gini masu gudun hijira. Harin gaskiya ne, amma kamun da ya biyo baya ya wuce masu laifi nesa. Ministoci da hafsoshi da akawuna suka cika kurkukun barikin Bwaro, inda a ke rufe mutum ba ci ba sha har ya mutu. Bari Jawadu an riga an kashe shi a 1969. Ibrahima Bari yana cikin waɗanda aka rataye a kan wata gada a Konakiri ran 25 ga Janairu 1971. Jallo Telli, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na farko daga 1964 zuwa 1972, an kama shi a 1976 bisa zargin wai Filani na shirya juyin mulki, ya mutu da yunwa a Bwaro a watan Maris 1977. Dubbai suka salwanta ta wannan hanya, dubban ɗaruruwa suka tsere Sanagal da Kwaddibuwa da sauran ƙasashe, cikinsu har da masu ilmin da ƙasar ta fi bukata. An yi zaɓen shugaban ƙasa a 1961 da 1968 da 1974 da 1982, kowane karo shi kaɗai ke tsaye.

Waɗanda suka iya ja da shi a ƙarshe su ne matan kasuwa, irin waɗanda suka ciyad da masu yaji a 1953. Ran 27 ga Agusta 1977 suka yi bore a kan 'yan sandan da ke ƙwace musu kaya, suka dunguma har fadarsa. Daga nan ya sassauta dokokin ciniki. A 1978 ya shirya da shugabannin Sanagal da Kwaddibuwa, shugaban Faransa ya ziyarci Konakiri, shi ma ya je Faris a 1982 yana neman masu zuba jari.

Rasuwarsa

Ciwon zuciya ya kama shi, aka kai shi asibiti a birnin Kilibilan na Amurka, ya rasu can ran 26 ga Maris 1984, yana da shekara 62, bayan ya yi mulki shekara 25 da 'yan watanni. Aka binne shi a Konakiri. Ran 3 ga Afrilu soja suka karɓi mulki a ƙarƙashin Kanar Lansana Konte, suka rushe jam'iyyar, suka buɗe ƙofofin Bwaro. Ginin da aka ce ba ya girgiza bai wuce kwana takwas a bayan mai shi ba. Mutanen Gini ba su daina saɓani a kansa ba: da aka sa wa filin jirgin saman Konakiri sunansa a 2021, wasu suka yi murna, iyalan waɗanda suka mutu a Bwaro kuwa suka yi tir.

To, ko ya kamata ƙaramar ƙasa ta jefa ƙuri'ar fita daga babbar tarayya? Labarin Gini ya nuna cewa ƙanƙanta ba ta hana ƙasa tsayawa da ƙafarta, don an yi mata duk abin da za a yi a ka da ita, ba ta faɗi ba. Ya kuma nuna cewa babba ba ya sakin ƙarami da daɗin rai, saboda haka masu shirin fita sai su ƙirga baitulmalinsu da ma'aikatansu da kasuwar amfanin gonarsu tun ba a je rumfar zaɓe ba. Amma ɓarnar da ta fi yi wa Gini ciwo a cikin gida aka yi ta. Haɗin kan da ya ci zaɓen 1958 shi aka mayar dokar cewa ba mai ikon saɓawa, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Mutanen da suka ce wa Faransa A'a rana ɗaya sun yi shekara 25 ba su da ikon faɗa wa nasu shugaban wannan kalma. Don haka tambayar da ta kamaci mai jefa irin wannan ƙuri'a, bayan ya tambayi wa zai biya albashi, ita ce: in sabon mai mulki ya karkace, wace kotu, wace majalisa, wace jarida za ta iya tsai da shi, kuma an rubuta wannan an amince da shi tun kafin baƙo ya naɗe kayansa?